Marubuci Mai Cin Gashin Kansa da Masu Karatunsa na Karkarar Kano

A Turai da Amurka, marubucin da ke buga littafinsa da kuɗinsa, ya kuma tallata shi da bakinsa, bai samu gindin zama sosai ba sai bayan 2007, shekarar da kamfanin Amazon ya buɗe wa kowa ƙofar ɗora littafi a intanet ba tare da ya bi ta hannun kamfanin ɗab'i ba. Mu a nan, kafin wannan shekara marubutan Hausa sun riga sun haura shekara ashirin suna wannan sana'a da biro da takarda da kuɗin adashi. Abin da a can ake kallo a matsayin mafakar wanda kamfanoni suka ƙi, a wajenmu shi ne babbar hanya, domin mafi yawan ƙagaggun labaran da Bahaushe ya karanta daga 1984 zuwa yau ta nan suka biyo. Tun da haka ne, ya kamata a zauna a yi lissafi: me wannan hanya ta ba marubuci, me ta ƙwace masa, kuma yaya ta sauya irin labarin da yake rubutawa?

An saba yin wannan lissafi daga cikin birni, daga shagunan Bata da Sabon Gari da Kurmi. Ni ina so a leƙo shi daga wajen gari, daga ƙasar noman da ke arewa da Kano. Wanda ya bi hanyar Katsina ta Dawanau da Dawakin Tofa zuwa Bichi da Tsanyawa, ko hanyar Daura ta Ɗambatta, ko ya karkata Minjibir da Gezawa, ya san yadda wurin yake: gona manne da gona, ƙauye yana hango ƙauye, babu dajin da za a ce ba shi da mai shi. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazarin wannan yanki tun daga shekarun 1960, yana mamakin yadda ƙasa ke ciyar da jama'a masu yawa haka ana noma ta kowace damina ba hutu. Amsar da mutanen wurin suka sani tun kaka da kakanni ita ce taki da kuma sana'a ta biyu. Ba a taɓa dogara da gero da dawa da gyaɗa su kaɗai ba. Akwai saƙa, akwai ginin tukwane, akwai ƙira da fatauci da cin rani, mata kuma suna da ƙulle-ƙullensu na cikin gida. Jama'a ce mai yawa, kusa da birni, wadda ta saba da kasuwa, kuma wadda ta fara iya karatun boko ba da daɗewa ba. Irin waɗannan mutane su ne suka riƙe kasuwar littafin Hausa, ko da yake ba kasafai ake ambaton su ba.

Kafin marubuta su fara cin gashin kansu, hukuma ce uwar ƙagaggen labari. Gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauransu. Daga nan sai kamfanin Gaskiya, sai hukumar NORLA a shekarun 1950, sai kamfanin NNPC a 1966. Duk wanda ke son ganin sunansa a bango, sai ya aika rubutunsa Zariya ya jira, kuma abin da aka fi so shi ne wanda zai shiga manhajar makaranta. A 1980 NNPC ya fitar da littattafai uku da suka ci gasarsa: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, wanda ke ɗauke da sunan ɗaya daga cikin garuruwan da muke magana a kansu. Littattafan sun samu karɓuwa, amma guda nawa ne? Ƙishin ya fi ƙarfin abin da Zariya ke iya ɗebowa.

Abubuwa biyu ne suka haɗu suka fasa wannan tsari. Na farko, masu karatu sun yawaita. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai aji har ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba, sannan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta jihar Kano a 1980, matan aure da magidanta suka shiga ajin yamma. Na biyu, kamfanonin ɗab'i sun yi rauni. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira, takarda ta yi tsada, masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin suka bi layi suka durƙushe. Kamfanin da ke fama da kansa ba zai zuba jari a labarin wata yarinya da ba wanda ya san ta ba. Ga dubban masu karatu, ga kuma ƙofa a rufe. Sai marubuta suka daina jira.

Galibin masu nazari suna fara lissafi daga Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, wanda ya fito a 1984. Bayansa aka ga Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, aka ga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991, wanda ya zagaye ƙasar Hausa har aka mayar da shi fim a 1994. Abin lura shi ne, Balaraba da Gidan Dabino duka ta ajin manya suka samu rabonsu na boko. Sun fito ne daga cikin jama'ar da za ta karanta su, shi ya sa suka san harshen da zai shiga kunnenta. Kuma ba su tafi a ɗaiɗaiku ba. Ƙungiyar Raina Kama, da takwarorinta irin su Kukan Kurciya da Jigon Hausa, sun yi abin da kamfani ya kamata ya yi: suna duba wa juna rubutu, suna nuna wa sabon shiga maɗaba'ar da ba za ta cuce shi ba, kuma kowa yana jera sunayen littattafan 'yan'uwansa a shafukan ƙarshe na nasa. Wanda ya sayi ɗaya ya ga tallan goma. Har yau ban ga dabarar talla da ta fi wannan sauƙi da amfani ba a harkar littafinmu.

Yadda aikin yake tafiya a wancan zamani ya cancanci a tsaya a kai, domin a nan ne ribar take, a nan ne kuma ciwon yake. Marubuci zai cika littattafan rubutu na 'yan makaranta da hannunsa, ya kai wa mai buga tafireta, daga baya mai kwamfuta. Ya sayi takarda mafi araha, irin ta jarida. Ya sa a yi masa bango mai kala, sau da yawa da hoton wata kyakkyawa da ba ta da alaƙa da labarin. Kuɗinsa ba za su kai ya buga labarin gaba ɗaya ba, mai saye ma ba zai iya biyan kuɗin littafi mai kauri ba, saboda haka sai a yanka shi: na ɗaya, na biyu, na uku, wani lokaci har na huɗu. Cinikin na ɗaya shi ne jarin na biyu. Wannan larura ta kuɗi ita ta koya wa marubutanmu tsayar da labari a daidai inda numfashin mai karatu ya ɗauke, ita ta koya musu jan zance idan kasuwa ta karɓa, ita kuma ta bar mana tarin labaran da ba a taɓa ƙarasawa ba saboda na ɗaya bai fita ba. Kasuwa ta sa hannu a cikin rubutun kansa, tun kafin a kai ga sayarwa.

Daga maɗaba'a sai wajen 'yan kasuwa. Su ke karɓar kaya bashi, su rarraba wa masu sari daga Katsina da Sakkwato da Gusau da Maraɗi da Damagaram, su biya marubuci a hankali, wani lokaci da kuɗi, wani lokaci da ragowar littattafan da suka yi ƙura. Marubucin da ya gaji da sintiri, ko marubuciyar da ke gidan miji ba ta da halin zuwa Bata kowane mako, sai ta sayar da rubutun ɗungurungum, a ba ta kuɗi sau ɗaya, ɗan kasuwa ya yi ta bugawa iya son ransa. Duk ɗan Bichi ko Kunci ya san wannan ciniki, domin shi ne na manomin da buƙata ta sa ya sayar da wakensa da kaka, ya dawo da bazara ya tarar da shi a rumbun wani da farashi ninki biyu. Ba na cewa 'yan kasuwar littafi azzalumai ne. Sun zuba jarinsu inda banki bai zuba ba, kuma ba don su ba da littafin bai wuce Ƙofar Mazugal ba. Amma wanda ke riƙe da hanya shi ke yanka farashi, marubuci kuwa bai taɓa riƙe hanya ba.

To, ta yaya littafin ke isa ƙauye? Ranar kasuwa, a Ɗambatta ko Bichi ko Gezawa, akwai mai shimfiɗa leda a ƙasa kusa da 'yan koli, ya jera Ƙawa'idi da Ahalari da Iziyya a gefe guda, littattafan labari a ɗaya gefen, ya ɗora duwatsu a kansu saboda iska. Yaro ne ake aikowa daga cikin gida da sunan littafi a rubuce a 'yar takarda, ko a ce masa ya kawo na biyun wanda aka saya wancan mako. Da littafin ya shiga gida, ya shiga hannun unguwa. A karanta shi a nan, a ba maƙwabta aro, a kai wa amarya ta rage kaɗaici, ɗaliba ta ɓoye shi a ƙasan akwati zuwa makarantar kwana. Bango ya yage a ɗinke shi da zare da allura, a manna masa takardar kalanda. Wadda ta iya karatu ta karanta a bayyane, waɗanda ba su iya ba suna ɓarar gyaɗa suna saurare, suna tsoma baki, suna tsine wa kishiyar da ke cikin labarin. Sannan ga masu bayar da haya, waɗanda ke sayen kwafi ɗaya su ci kuɗinsa sau da yawa.

Marubuta sun daɗe suna kuka da aro da haya, kuma kukansu yana kan hanya: mutum ashirin sun karanta, kuɗin mutum ɗaya ya shigo. Sai dai a ganina lissafin bai tsaya nan ba. A wurin da kuɗin littafi ke gogayya da kuɗin cefane, aron nan shi ne ɗakin karatun da gwamnati ba ta gina ba, shi ne kuma ya yi wa marubuta suna. Ba allon talla ne ya kai sunan marubuciya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa lungunan Makoɗa da Bagwai ba; baki ne ya kai shi, daga wannan ɗaki zuwa wancan. Gidajen rediyo da ke karanta littattafai sun ƙara wa abin ƙarfi, musamman bayan tashoshi masu zaman kansu sun fara buɗewa a Kano daga 2003. Matsalar ita ce marubuci bai samu hanyar da zai mayar da wannan suna kuɗi ba, in ban da ya sake fitar da wani littafin da sauri. Saurin nan kuwa shi ya cinye inganci.

Akwai wani abu da ya fi wannan damuna. Karkara ta karanta, amma ba a cika rubuta ta ba. Ɗauki littattafan soyayya ka duba inda labarinsu ke faruwa: manyan gidajen Nasarawa, Abuja, Dubai, jirgin sama, asibitin Landan. Idan 'yar ƙauye ta shigo, to ko dai abar dariya ce, ko kuma baiwar Allah ce da wani attajiri zai tsamo ya wanke. Na fahimci dalili. Wadda ta wuni tana surfe da ɗiban ruwa ba lallai ta so a sake nuna mata turmi da dare ba, kuma mafarki haƙƙinta ne. Amma Balaraba ta nuna tun 1990, a Wa Zai Auri Jahila?, cewa za a iya ɗauko yarinyar ƙauye da aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole, a bi ta da gaske, kuma mutane su saya. Labaran da ke kwance a arewacin Kano ba su da iyaka. Gonar gado da ake rabawa har ta koma kunya-kunya, 'yan'uwa su daina gaisawa a kan iyaka. Gonakin Ungogo da Dawakin Tofa da birni ke haɗiyewa, a yanka su fuloti, magidanci ya riƙe kuɗin da bai taɓa gani ba, bayan shekara biyu ya koma ɗan ƙwadago. Matar da mijinta ya tafi cin rani Legas, tana riƙe da gida da 'ya'ya da surukai. Mai noman rani a Watari da tumatirinsa ya nuna rana ɗaya da na kowa. A cikin kowane ɗaya akwai soyayya da kishi da cin amana da tuba, duk abin da kasuwa ke so. Marubucin da ya tashi a nan yana zaune a kan abin da ɗan birni ba shi da shi, amma sau da yawa sai ya tsallake shi ya je yana kwatanta falon da bai taɓa shiga ba.

Ba a bar waɗannan marubuta sun sha ruwa da sanyi ba. Tun farkon shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya fara sukar littattafan a jaridar Nasiha, shi ne kuma ya yaɗa laƙabin Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onica. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka tsaya musu, muhawarar ta yi shekaru a shafukan adabi da Ibrahim Sheme ke kula da su. Wannan faɗan masana ne, kuma ya amfani kowa. Wanda ya fi zafi shi ne na hukuma. An kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jihar Kano a 2001. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an ƙona littattafan labari da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata. A 2008 hukumar tacewa ta nemi marubuta su yi rajista, ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano ta shiga tsakani. Abin da wannan lokaci ya fito da shi fili shi ne, mai cin gashin kansa ba shi da garkuwa. Babu kamfanin da zai ɗaukar masa lauya, babu editan da zai ce shi ya amince da rubutun. In ba ƙungiya ba, shi kaɗai ne.

Sai waya ta zo ta juya komai. Takarda ta ci gaba da tsada, finafinai suka janye wasu masu karatu da wasu marubutan, shagunan littafi da yawa suka koma sayar da wani abin. Labari ya koma Facebook da Wattpad, ya fi kuma zama a WhatsApp. Tsarin yanzu kusan kowa ya san shi: marubuciya ta saki shafukan farko kyauta, idan labari ya kama mutane sai ta ce daga nan na kuɗi ne, ga lambar asusu. A tura 'yan ɗaruruwan Naira, ko katin waya, a aika mata shaidar biya, ta saka mutum cikin rukunin waɗanda suka biya. A ƙauye, mai POS na bakin tasha shi ne bankin wannan ciniki. Ga mai shagon cajin waya, wanda ke da tsohuwar kwamfuta a kan benci, yana zuba wa mutane karatun littattafai a memori tare da waƙoƙi da wa'azi, ta yadda wadda ba ta iya karatu ba ta daina jiran mai karanta mata.

Ga marubucin karkara, wannan babban sauƙi ne, kuma bai kamata a raina shi ba. Yarinya a Tsanyawa ko Minjibir ba ta buƙatar kuɗin mota zuwa Kano, ba ta buƙatar jarin takarda, ba ta buƙatar yardar ɗan kasuwa. Tana iya sakaya sunanta ta kira kanta Maman wance, ta rubuta da babban yatsa bayan yara sun yi barci, masu karatunta suna Kano da Yamai da Jidda. Kuɗin kuma hannunta yake shigowa kai tsaye. Wahalarta ita ce caji da data da sabis da ke ɗaukewa.

Amma tsofaffin cututtukan sun biyo ta, wasu ma sun ƙaru. Aron da a da yake tafiya gida-gida yanzu yana tafiya da dannawa ɗaya: mutum guda ya biya, ya kwashe shafukan, kafin gari ya waye sun zagaye rukunoni ɗari. Wani ya tattara littafin ya ɗora a shafinsa yana cin kuɗin talla, wani ya karanta shi a YouTube bai ko nemi izini ba. Marubuta suna rubuta Allah ya isa a saman kowane shafi, abin bai tsaya ba. Yankan na ɗaya da na biyu kuma ya koma yankan kullum. Masu karatu sun biya, suna jiran shafin yau, suna faɗin wanda suke so jaruma ta aura, marubuciya tana bin su don kada su watse. Labarin da ake rubutawa a haka ba ya samun damar a koma farkonsa a gyara. Kuma da yake abin da ya fi saurin jawo biya shi ne batsa, wasu sun bi nan, suka jawo wa sauran zagi da zargi. Ko dandalin da aka gina don sayar da littafi ba abin jingina ba ne gaba ɗaya. OkadaBooks, wanda marubutan Hausa da dama suka yi amfani da shi, ya rufe a ƙarshen 2023 bayan shekara goma yana aiki. Akwai na gida irin su ArewaBooks da ke ƙoƙari, ina kuma yi musu fatan ɗorewa, sai dai marubuci ya riƙe kwafin aikinsa da lambobin masu karatunsa a hannunsa.

Idan aka ce in zaɓi abu ɗaya da wannan hanya ta ƙwace wa adabinmu, zan ce edita. Zariya tana da jinkiri da ƙyamar sabon abu, amma tana da mai duba rubutu. Imam kansa ya zauna da East sun yi ta gyara. Yau littafi yana fita daga kan marubuci zuwa idon mai karatu babu wanda ya tsaya a tsakani ya ce wannan babi bai da amfani, wannan hali ya saɓa wa wanda ka ba ta a farko, wannan ba haka ake raba kalma ba. Ana rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba lanƙwasa, ana haɗe kalmomin da ke rabe, ana cusa Turanci a inda Hausa ke da kalmarta, har yaran da ke koyon karatu daga waɗannan labarai suna ɗauka haka ƙa'idar take. Wannan ba laifin rashin digiri ba ne. Da yawa daga cikin waɗanda suka kafa harkar ba su da shi. Rashin ido na biyu ne. Kuma maganinsa yana kusa. Babu ƙaramar hukumar da ba ta da malaman Hausa a makarantun sakandare, ga Ƙamusun Hausa da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006, ga zaman karatu da ƙungiyoyin marubuta ke yi. Marubuta biyar a Bichi ko Ɗambatta za su iya yin adashi, su biya malami ɗaya ya riƙa duba musu aiki, su riƙa tallata juna a ƙarshen kowane labari kamar yadda Raina Kama ta yi. Abin da ake buƙata shi ne marubuci ya yarda a taɓa masa rubutu, wanda shi ne ya fi wuya.

Ta fuskar talla, abin da ke sayar da littafin Hausa bai sauya ba tun zamanin leda da duwatsu: suna da amana. Mai karatu yana komawa wajen wadda ta saba ƙarasa labarinta, wadda ba ta karɓi kuɗi ta ɓace ba. Sauran hanyoyin taimako ne. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa da labarinta Sansani, ta fito da mata da yawa da ba a san su ba, ta kuma koya musu taƙaita zance. Rubutun fim ya zama mafita ga wasu. Marubuta irin su Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salihi daga littafi suka shiga rubuta shirye-shiryen talabijin. Fassara ma tana buɗe ƙofa, kamar yadda kamfanin Blaft na Indiya ya fitar da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba da Turanci a 2012, fassarar Aliyu Kamal. Duk waɗannan suna nuna abu ɗaya: labari guda yana da kasuwa fiye da ɗaya, ta takarda, ta waya, ta murya, ta fim, ta fassara. Wanda ya sayar da shi ɗungurungum ya sayar da dukkansu a farashin ɗaya. Dokar haƙƙin mallaka da aka sabunta aka sa wa hannu a 2023 ta shafi abin da ake ɗorawa a intanet, amma doka ba ta aiki da yarjejeniyar baka. Ko da ɗan'uwa ne zai karanta maka littafi a YouTube, a rubuta: na wane lokaci, kashi nawa, wa ke da me.

Saura batun ajiya, wanda kusan ba mai tunawa da shi. Littattafan shekarun 1990 an buga su a takardar da ba ta jure damina da gara, yawancinsu ba su da shekarar bugu balle lambar ISBN. Da yawa daga cikinsu yau sai an sha wuya kafin a same su a Kano, alhali Graham Furniss da abokan aikinsa sun tara ɗaruruwansu a makarantar SOAS da ke Landan. Na waya sun fi waɗannan rauni: waya ta faɗa rijiya ko a sace ta a kasuwa, rukuni ya watse, aikin shekara guda ya tafi. Marubucin da labarinsa ya karɓu a WhatsApp ya kamata ya koma kansa bayan ya huce, ya gyara, ya buga ko da kwafi kaɗan ne, tun da yanzu akwai injinan da ke buga adadi ƙanƙani ba sai an yi dubu ba. Ya karɓi lambar ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda ke da reshe a Kano, ya kuma ajiye musu kwafi uku da doka ta ce duk mai buga littafi ya ajiye. Ɗaya kuma ya kai makarantar sakandaren garinsu.